Yadda Ake Tara Tsofaffin Kayan Rubutu da na Tebur a Sakkwato

Tambaya iri ɗaya ce ke ta dawowa daga masu sha'awar tsofaffin kaya: an buɗe adakar marigayi an tarar da alƙalami mai shan tawada da kurtu da wani hatimi, to me za a yi da su? Wasu kuma so suke su fara tarawa da gangan, ba su san ta ina ake kamawa ba. Ga matakan nan bi da bi. A kula da jerin, domin yawancin kayan da suke lalacewa ba a gidan tsoho suke lalacewa ba, a hannun wanda ya saya ne, cikin makon farko, garin wanki da gyara.

1. Tsayar da fanni ɗaya

Kayan rubutun da ake samu a Sakkwato sun kasu uku. Akwai na malamai: alƙalamin gamba, kurtun tawada, allo da allon zayyana, tadarishi (bangon fata na littafi), gafaka, da 'yar wuƙar feƙe alƙalami. Akwai na ofis, tun daga zamanin En'e har zuwa shekarun 1970: kwalbar tawada ta gilashi ko ta tagulla, madannin takarda, abin shanye tawada, wuƙar buɗe wasiƙa, ƙararrawar tebur, hatimi, tafireta. Sai alƙaluma masu shan tawada irin su Parker, Sheaffer, Pelikan, Swan, Conway Stewart da Hero.

Ɗauki ɗaya ka tsaya a kansa aƙalla shekara guda. Ido ba ya gane na gaske sai ya ga iri ɗaya sau da yawa. Wanda ya riƙe kurtu ashirin a hannunsa, na ashirin da ɗaya daga nesa zai san sabo ne ko tsoho. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da kwalaben tawada ko kurtu: ba su da tsada, ba su da injin da zai lalace. Tafireta kuwa a bar ta sai daga baya, tana cin wuri, masu gyaranta kuma sun yi ƙaranci.

2. Haɗa kayan aiki kafin ka fita

Gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo. Ƙaramar tocila mai farin haske. Ɗan maganaɗisu. Rula. Farin ƙyallen auduga da ya sha wanki. Buroshin fenti mai laushi guda biyu, ɗaya na ƙura, ɗaya na kayan fata kaɗai. Auduga mai tsinke, sirinji marar allura, littafin rajista mai bango mai ƙarfi, da fensir. Wayarka ta isa ɗaukar hoto. Duk waɗannan ana samunsu a kantin magani da wurin masu sayar da littattafai a babbar kasuwa, in ban da gilashin, wanda mai gyaran agogo ko maƙerin zinariya zai nuna maka inda yake sayen nasa.

Gargaɗi: fensir kawai ake rubutu da shi kusa da tsohuwar takarda ko fata. Biro in ya taɓa, ya zauna.

3. Inda ake samu, da yadda ake tambaya

Wuri na farko shi ne gidanku da gidajen dangi. Tsoffin malaman makaranta, magatakardan kotu, ma'aikatan gidan waya da na baitulmali, su ne suka yi aiki da waɗannan kaya, da yawansu kuma sun ajiye su a akwatin ƙarfe. Kayan da aka samu ta nan sun fi na kasuwa daraja ko da iri ɗaya ne, saboda an san mai su da inda ya yi aiki.

Na biyu 'yan gwangwan da 'yan gwanjo. Kayan tagulla na tebur sukan faɗa hannunsu, su kuma da kilo suke sayarwa a narke. Ka nuna musu hoton abin da kake nema a waya, ka bar lambarka, ka yi alkawarin biya sama da farashin kilo, ka kuma cika. In ka saya sau biyu ba ja-in-ja, su da kansu za su riƙa kiranka. Na uku masu sayar da littattafan addini da alluna a tsohuwar kasuwa, da dukawan shiyar Madunka, waɗanda ake kai wa tsofaffin gafaka gyara, sun kuma san gidajen da ake da su. Kasuwannin ƙauye na wajen Wurno, Gwadabawa da Illela ma akan dace.

Wajen dattijo ba a fara da maganar kuɗi. A gaisa sosai, sannan a ce: “Baba, an ce da ku aka yi aikin En'e. Ko akwai sauran kayan rubutun lokacin da za ku nuna mana mu gani?” Wajen malami kuma: “Allah gafarta malam, wannan kurtun tun na wa ne?” Ka saurari amsar da kyau, ita za ka rubuta a mataki na 8. In ya ce ba na sayarwa ba ne, ka nemi izinin ɗaukar hoto ka yi godiya.

Gargaɗi: kayan mamaci na magada ne gaba ɗaya. Kada ka saya a hannun yaro ɗaya a ɓoye kafin a raba gado. In an raba, a sami babba a gidan ya shaida cinikin.

4. Duba kaya kafin ka taya

A nan ake cin riba, a nan ake faɗuwa. Ka fita da kayan waje cikin hasken rana, kada ka duba a cikin rumfa mai duhu.

Allo. Tsohon allo ya sha wanki ɗaruruwa, don haka tsakiyarsa takan ɗan lotsa, ta yi santsi, kuma in ka karkata shi ga haske za ka ga inuwar tsoffin layuka a ƙarƙashin na sama. Gefunansa sun mulmule, mariƙinsa ya yi duhu daidai inda hannu ke kamawa, ba ko'ina ba. Wanda aka tsufar da shi da gangan launinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, har cikin lungun da hannu ba ya kaiwa. Sansana shi: ƙaurin hayaƙi ko warin mai alama ce ta an turara shi ko an shafe shi. A allon zayyana, sa gilashi a kan ja da rawaya da kore. Tawadar gida takan zauna a saman itace da ɗan kauri, wani wuri ta tsattsage. Launin alƙalamin maka na zamani yakan nutse cikin itacen ya bazu a gefen layi.

Kurtu. Haska cikinsa da tocila. Na aiki yana da ɓawon busasshiyar tawada hawa-hawa, bakinsa ya cinye ta gefen da ake goge alƙalami. In an naɗe shi da fata, duba ɗinkin: tsinken fata ko zaren auduga na da ne, zaren leda mai sheƙi na baya-bayan nan ne. Ɗinkin leda bai hana kurtun zama tsoho ba, yana nuna an yi masa gyara ne, sai farashi ya sauka. Girgiza shi a kan farar takarda. In gari mai laushi ya zubo daga ƙananan huji, ƙwaro na ciki yana ci.

Gafaka da tadarishi. Jar fatar akuyar Sakkwato in an jeme ta da bagaruwa tana daɗewa ƙwarai, amma wadda ta bushe ta ƙone takan bar jan gari a yatsa in ka shafa. Wannan ba ta gyaruwa. Lanƙwasa gefe ɗaya kaɗan: in ta yi ƙara ko ta tsage, a ajiye ta don kallo kawai, ba don ratayawa ba.

Kayan ƙarfe. Ɗora maganaɗisu. Tagulla da azurfa ba sa kama shi. In ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Juya kayan ka nemi tambari a ƙasa. Azurfar Ingila ta gaske tana da ɗan hoton zaki mai tafiya, tare da alamar garin da aka auna ta: ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham ce, kan damisa na Landan. In ka ga EPNS, ruwan azurfa ne kawai aka yi wa wani ƙarfe, farashinsa bai kai kusa da na azurfa ba. Buɗe marfin kwalbar tawada ka rufe sau uku, ka ga ko maƙalinsa na asali ne ko an yi masa walda. Yawancin na tagulla suna da 'yar kwalbar gilashi ko ta tangaran a ciki, wadda ake cirewa a wanke. In babu ita, kayan bai cika ba, samun wadda za ta shiga daidai kuma wahala ne.

Alƙalami mai shan tawada. Bi wannan jeri. Fara da bakin marfi, zagaye shi da farce, nan ne tsaga ke ɓuya. Sai gangar jiki, ka haska ta da tocila. Sai bakin rubutu a ƙarƙashin gilashi: rassansa biyu su daidaita, kuma kowanne yana da ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri a tsininsa. In ƙwallon ɗaya ya fita, alƙalamin zai riƙa yagar takarda, gyaransa kuma ba a nan kusa ba. 14K ko 585 na nufin zinariya mai karat 14, 18K ko 750 mai karat 18. Bakin da aka rubuta wa Iridium Point Germany galibi ƙarfe ne mai araha ko da ya yi launin zinariya.

Gargaɗi: in alƙalamin mai 'yar sanda ce a gefe wadda ake ɗagawa a sha tawada, ɗaga ta a hankali. Da ka ji ta ƙi, tsaya. Jakar robar da ke ciki ta ƙandare, in ka matsa sandar za ta karye ko ta fasa gangar jikin. Ƙandararriyar jaka ƙaramin gyara ce, fasasshiyar ganga kuwa ta tafi.

Alƙaluma biyu ake yawan ruɗa mutane da su. Hero 616 na ƙasar Sin an ƙera shi ne kama da Parker 51, har da maƙalin aljihu mai siffar kibiya. Karanta sunan da ke bakin marfi da wanda ke jikin bututun matsa tawada, su zo ɗaya, domin ana ɗora marfin Parker a jikin Hero. Hero alƙalami ne mai kyau a farashinsa, ba a farashin Parker ba. Montblanc kuma jabunsa ya fi na gaske yawa a kasuwanninmu. Samfurin 146 da 149 na gaske ta ƙasa ake murɗa su su zuƙi tawada. In ka kwance ka ga wurin sa bututun tawada na leda a 149, ajiye shi. Sabon shiga ya ƙyale Montblanc sai idonsa ya buɗe.

5. Ƙiyasta shekaru

Mai sayarwa zai ce maka tun zamanin Turawa ne. Kai kuma rubutun da ke jikin kayan za ka tambaya. Hatimi ko takarda mai Sokoto N.A., wato En'e ta Sakkwato, ta riga gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Mai North-Western State tsakanin 1967 da 1976 ne, lokacin da Sakkwato ke hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma. Kwalin da aka rubuta farashinsa da sule da kwabo na tsohon kuɗi ya riga 1973, shekarar da naira ta shigo. West Germany ko W. Germany na nufin tsakanin 1949 da 1990. Kayan Ingila mai Rd No da lamba a gaba bai riga 1884 ba.

A alƙaluma, Parker 51 ya fito a 1941. Na farkon ana danna wani maɓalli a ƙarshen ganga, daga 1948 aka koma bututun da ake matsawa. Pelikan 400 mai ratsin kore ya fito a 1950, Parker 45 a 1960. Daga 1980 Parker ya riƙa buga harafi ɗaya na kalmar QUALITYPEN a bakin marfi don nuna shekara: Q 1980, U 1981, haka har N 1989, sannan aka sake zagayowa, don haka sai an haɗa da samfurin kafin a san wane zagaye ne.

Kayan malamai ba su da tambari. Shekarunsu daga bakin masu su ake samu: wane ne ya yi aiki da shi, yaushe ya rasu, wa ya gada. In takarda ta biyo gafaka, ɗaga ta ga haske. Hoton jinjirin wata uku a cikin jikin takardar alama ce ta takardar Italiya da aka yi ta kawowa ƙasar nan, wadda malaman Daular Usmaniyya ta Sakkwato suka yi rubutu da ita sosai a ƙarni na 19. An ci gaba da shigo da irinta har farkon ƙarni na 20, saboda haka alamar kaɗai ba ta yanke shekara.

6. Abin da ba a saye

Dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Cinikinsa sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, fitar da shi waje kuma sai da takardar izini. In ka ci karo da abin da kake zaton ya kai haka, nemi shawarar ma'aikatan hukumar ko na gidan tarihi na Waziri Junaidu kafin ka ba da kuɗi.

Kada ka sayi hatimin fada, na kotu ko na wata hukuma da har yanzu take aiki. Irin wannan ba ya fita ta hanyar halal. Kada ka sayi warwarar ganyen Alƙur'ani ko na littafin hannu, sayen ne ke sa a yi ta yayyaga cikakkun littattafai ana sayarwa ɗaiɗai, kuma abin takaici ne ganin littafin da ya shekara ɗari a haɗe ya watse a rana ɗaya. In iyali suna da irinsa, a nuna musu hanyar gidan tarihi ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo a ɗauki hotonsa. Wuƙar wasiƙa ko mariƙin alƙalami na hauren giwa ma a bar shi, an hana fataucinsa tsakanin ƙasashe.

Wata magana da ta shafi mutanenmu: namijin da ke taka-tsantsan da zinariya da kayan azurfa ya tambayi malaminsa kafin ya fara rubutu da su. Akwai tsofaffin alƙaluma masu bakin ƙarfe zalla masu daɗin rubutu, kamar Esterbrook da Parker 21.

7. Ciniki da lissafin kuɗi

Farashin alƙaluman waje yana bin dala, don haka lambar da aka faɗa yau ba ta kai wata uku. Hanyar lissafi ita ce ba ta canzawa. Shiga kasuwar intanet ta eBay, nemi samfurin, ka duba waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda ake nema a saya ba. Ɗauki farashin tsakiya na guda biyar. Wannan na alƙalamin da aka gyara yana rubutu ne. Wanda ba a gwada ba, kada tayinka ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A ce irinsa ya tashi dala 60: naka iyakarsa kwatankwacin dala 20. In da tsaga a marfi ko an sassaƙa sunan wani a jiki, a ƙara ragewa, sai fa in sunan na wanda aka san tarihinsa ne, nan kuma ƙari ne.

Kayan tagulla a wurin 'yan gwangwan, tambayi kilo nawa a ranar, a auna, ka ninka sau biyu ko uku. Kayan malamai ba su da farashin kasuwa tsayayye. Ma'auni shi ne kuɗin sabon irinsa, sannan a ɗora gwargwadon tsufa da sanin asali. In mai kaya dattijo ne da bai san darajar abinsa ba, biya shi abin da ba za ka ji kunya ba in ɗansa ya ji labari.

In da dillali, a yanke la'adarsa tun kafin a ga kaya. In an ce albarka, kada ka yi saurin ƙari, ka bar lamba ka tafi. Kada ka tura kuɗi a kan hoto ɗaya na WhatsApp. Nemi hoton bakin rubutu, na bakin marfi, na tambari, da ɗan bidiyo ana buɗewa ana rufewa. Cikin kowace naira goma da ka ware, shida na saye ne, biyu na gyara, biyu na wurin ajiya.

8. Rubuta kafin ka taɓa ruwa

Ranar da kaya ya shigo gida, ba shi lamba a littafin rajista. Rubuta kwanan wata, inda aka samo, kuɗin da aka biya, tsawo da faɗi, duk rubutun da ke jiki harafi da harafi, aibin da ka gani, da labarin da mai shi ya bayar da kalmominsa. Ɗauki hoto ta fuska huɗu da rula a gefe. Rubuta lambar a 'yar takarda ka ɗaura da zaren auduga.

Gargaɗi: ban da salatef, ban da gam, ban da rubuta lamba a jikin kayan. Zafin Sakkwato yana narkar da gam ɗin salatef ya bar tabon da ba ya fita.

Duk kayan itace, duma ko fata, a keɓe shi mako biyu a kan farar takarda, nesa da sauran. In gari ya taru a ƙarƙashi, sa shi a leda mai kauri, fitar da iska, ɗaure, a ajiye a firiza mai wuta tsayayya mako guda zuwa biyu. In an fitar, kada a kwance ledar sai bayan kwana ɗaya, don raɓar ta tsaya a waje. Allon zayyana mai launi a fara nuna wa ma'aikatan gidan tarihi tukuna.

9. Tsabtacewa

Ƙa'idar ita ce a cire ƙura da datti, a bar tsufa. Allo, kurtu da gafaka buroshi busasshe kawai. Tawadar gawayi da ƙaro ruwa ke wanke ta, shi ya sa ake rubutun allo da ita, don haka jiƙaƙƙen ƙyalle ɗaya ya isa ya shafe zayyanar shekara sittin. Ɓawon tawadar cikin kurtu shi ne shaidarsa, kada a kankare. Fata kuma kada a shafa mata man kaɗanya, man gyaɗa ko man takalmi. Za ta yi kyau mako ɗaya, daga nan ta yi baƙi, ta yi danƙo, ta kira kyankyaso.

Tagulla: ƙyalle da ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, a goge, a busar nan take. Toka, yashi, tsamiya da lemun tsami da ake wanke kwanon gida da su suna cire duhun da shekaru suka yi wa ƙarfen, wanda shi masu tarawa ke biya, suna kuma cinye tambari. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. In kayan mai ruwan azurfa ne, gugar ƙarfi sau biyu ta isa ta fito da ƙarfen ƙasa. Tabon kore mai tauri a bar shi. Kore mai haske da ke zuba kamar gari kuwa ciwo ne mai yaɗuwa, a ware kayan a wuri busasshe a nemi masani.

Kwalbar gilashi: a cika da ruwa marar zafi a bar shi kwana, a zubar, a maimaita. In tawada ta kafe a lungu, zuba cokali ɗaya na ɗanyar shinkafa da ruwa kaɗan a girgiza. Ruwan zafi yana fasa tsohon gilashi mai kauri.

10. Tayar da alƙalami

Fara da mai sauƙi. Parker 51 mai bututun matsawa sau da yawa wanki kawai yake so, jakarsa ba ta roba ba ce mai ƙandarewa. Tsoma baki a kofin ruwan gora marar zafi, matsa ka saki har ruwan ya fito fari. Wani sai an yi kwana biyu ana sauya ruwa. In ya ƙi, ƙara ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, sannan a ɗauraye da ruwa zalla. Tsayar da shi baki ƙasa a kan tishu ya kwana. Parker 45 kwance bakinsa ake yi, a tura ruwa da sirinji. Pelikan 400 ana murɗa ƙasansa ya zuƙi ruwa ya fitar. In murɗin ya yi tauri, kada a tilasta.

Gargaɗi: baki kawai ake tsomawa, ba dukan alƙalamin ba. Tsofaffin baƙaƙen alƙaluma na taurarriyar roba, irin wasu Swan, ruwa na mayar da su ruwan ƙasa cikin mintuna. Wasu Conway Stewart kuma an yi su da wani abu da ke kumbura a ruwa. Sifirit, fetur, kananzir da bilic duk suna cin jikin alƙalami.

Mai sandar gefe sai an sauya masa jaka. Ana buƙatar sabuwar jakar roba, ruwan shalak, wato gam ɗin da ake liƙa jakar da shi, da hodar talk zalla marar turare. Jakunkunan lamba gare su, yawancin alƙaluma tsakanin 14 da 20 suke, Esterbrook J lamba 16 yake ɗauka. Daga waje ake odarsu, kuɗin aike ya fi na kayan, don haka a haɗa lambobi daban-daban a oda ɗaya, ko a haɗa kai da wasu masu tarawa.

Ɗumama mahaɗar ganga da wuya, wato sashen da ke riƙe da bakin rubutu, da na'urar busar da gashi, kana juyawa. In yatsanka bai iya jure zafin ba, ya yi yawa. Riƙe da guntun robar tayar keke, ja kana ɗan murɗawa. In bai motsa ba, sake ɗumamawa, ko ka bar shi sai gobe. Ban da filaya, ban da ashana ko kyandir, domin yawancin masu launi na kafin 1950 da wani abu aka yi su mai kama wuta nan take. In ya buɗe, zazzage ɓaraguzan tsohuwar jaka, kankare hancin da take zama da farce. Gwada sabuwar a cikin ganga, ta shiga ba matsi, yanke ta yadda ba za ta taɓa ƙarshe ba. Shafa shalak siriri a hancin, zura jakar, bar ta ta kwana. Shafe ta da hoda, mayar da wuya, ka daidaita baki da sandar gefe. Gwada da ruwa kafin tawada.

Gargaɗi: sufa-gulu ba ya shiga aikin alƙalami ko kaɗan, in an sa shi babu mai sake buɗewa. Tawadar allo kuma ba ta shiga alƙalami mai shan tawada. Ƙaron da ke cikinta yana daskarewa a siririyar magudanar da ke ƙarƙashin baki. Haka tawadar hatimi da ta firinta. Quink ta Parker ko Pelikan 4001, shuɗiya, su ne masu sauƙi ga tsohon alƙalami. Tsohuwar tawadar da aka tarar a kwalba a bar ta don ado in ta yi kauri ko wari.

11. Ajiya a yanayin Sakkwato

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuma ya fi haka. Zaɓi ɗaki na ciki, kabad da ba ya jingine da bangon yamma, nesa da taga. Rana tana kashe launin alƙalami da na zayyana, tana busar da fata. Kada a bar alƙalami a mota ko na awa ɗaya: iskar cikinsa tana kumbura ta turo tawada cikin marfi, ganga kuma tana iya lanƙwashewa.

Alƙaluma a kwance, babu tawada a ciki, kowanne a nasa gurbin da aka shimfiɗa wa auduga don kada su gogi juna. Kada a rufe masu launi a leda ko kwalbar da iska ba ta shiga, suna fitar da wani tururi da ke cin su da ƙarfen jikinsu. Kafur ma a nisanta shi da su. Allo a jingine shi a tsaye a kan kanta, sama da ƙasa da aƙalla taƙi biyu saboda gara, wanda ke ɗauke da ayoyi kuma a ba shi wuri mafi tsayi, kada a ɗora komai a kansa. Gafaka a cusa mata farin ƙyalle ta riƙe siffarta, a kwantar da ita, ratayewa na tsinka igiyar.

Da hunturu a lulluɓe kanta da farin zane, a share ƙura da buroshi, ba da ƙyalle ba, don ƙurar tana karce gilashi da jikin alƙalami. Da damina, musamman Agusta, a buɗe kabad duk mako a duba fumfuna a jikin fata, a zuba 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ke zuwa a kwalin takalmi kusa da kayan ƙarfe.  Sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, a fito da komai a gwada da hotunan rajista ɗaya bayan ɗaya, duk tsagar da ta ƙaru ko koren da ya yaɗu a rubuta shi da kwanan wata a shafin wannan kayan.